Yadda Na Kai Dafaffen Ƙwai Kumasi

Tun da na dawo ban huta ba. A majalisarmu ta ƙofar shagon Ɗanjuma tela, a Gangaren Tudu, da zarar na zauna sai wani ya gyara murya ya ce, "Malam Isiyaku, ya Ghana?" sauran su sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa. Bulus, wanda muka fara aikin koyarwa tare, shi ba ya ma wahalar da kansa da tambaya. Mai tallan ƙwai yake kira ya saya min ɗaya, ya ce in riƙe saboda bincike. Labari ya zaga gari, kowa da irin gishirin da ya ƙara masa, har na ji an ce wai kwastan ne suka cinye ƙwan a gabana. Shi ya sa na ga gara in rubuta abin da ya faru da hannuna. Eh, gaskiya ne, na tsallake iyakar ƙasa har uku rungume da dafaffen ƙwai ina zaton mai rai ne. Amma ku bari in ba ku shi daga farko.

Ni malamin ilimin halittu ne a wata kwaleji a nan Keffi, kuma baɗi zan yi ritaya. A cikin darussan da nake koyarwa akwai wanda na fi so, shi ne yadda ɗan tsako ke ginuwa a cikin ƙwai. Kwana kaɗan da fara kwanci, tun ɗan tayin bai fi ƙwayar wake ba, babu ido mai gani, babu kunne mai ji, sai jijiyoyin ƙwaƙwalwarsa su fara aiki da kansu. Ba wanda ya taɓa shi, ba wanda ya kira shi. Wani motsi irin na lantarki ne ke tashi daga wuri guda ya bazu, ya lafa, a yi shiru na wani lokaci, ya sake tashi. Masana sun ce da wannan ne jijiyoyin ke gane juna su haɗu daidai tun kafin a buƙace su. Na zana abin nan a allo har hannuna ya haddace. Na gan shi a littafi, na gan shi a bidiyon waya. Amma ban taɓa ganinsa yana faruwa a gabana ba, kuma wallahi abin yana ci min rai. Ba na so in ajiye alli ban gani ba.

Sai ga dama ta faɗo. Wata jami'a a Kumasi ta shirya horo na mako biyu, an aro na'ura daga ƙasar waje, wadda idan aka buɗe taga a ɓawon ƙwai aka sa wa ɗan tayin wani rini, duk lokacin da jijiyoyi suka motsa za a ga haske a fuskar kwamfuta. Na nema, aka ɗauke ni. Suka ce za su ba kowa ƙwan kaji, amma wanda yake so ya zo da ƙwan wani tsuntsu daga ƙasarsu don a kwatanta, bismillah. Ba wanda ya tilasta ni. Ni da yatsana na rubuta musu cewa zan zo da ƙwan zabi, saboda so nake a san mutumin Keffi ya zo.

Na hau mashin zuwa Agwada wurin Mama Rifkatu, wadda zabinta suka fi na kowa a yankin. Ta zaɓo min sababbin ƙwai, ta jera su a kwarya, ta ce, "Malam, wannan duka namiji ya hau. Idan bai ƙyanƙyashe ba, ka zo ka kama ni." Da ta ji inda zan kai su ta riƙe baki ta ce, "Har Ghana? To Allah shi kai ku lafiya, kai da yaranka." Ƙa'idar ƙwan da ake so ya rayu kafin a sa shi a kwanci ba ta da yawa: kada ya yi zafi, kada a girgiza shi, a riƙa karkata shi safe da yamma. Na samo kwali, na cika shi da ɓuntun shinkafa, na ajiye kwaryar ƙwan a gindin randa inda ya fi sanyi a gidan, da nufin in shirya su da asuba.

A nan ne Gwaggo Hajara ta shigo labarin. Ƙanwar mahaifina ce, ita ta raine ni, kuma tun da ƙarfinta ya ragu take zaune a gidana. Ba ta kiran sunana, saboda sunan mahaifinta nake da shi, sai dai ta ce Babana. Na gaya wa matata Hadiza abin da ƙwan yake, ban gaya wa Gwaggo ba, don ban ga abin da ya haɗa ta da shi ba. Hadiza ta tafi suna Panda. Gwaggo ta fito shan ruwa ta ga ƙwai a gindin randa, ta san Babanta zai yi doguwar tafiya, kuma tun ina makarantar kwana ba ta taɓa barin in kama hanya ba guzurin dafaffen ƙwai ba. Ta hura gawayi, ta dafa su sarai, ta bari suka huce, ta goge kowanne da tsumma, ta mayar da su yadda ta same su. Ba ta faɗa wa kowa ba, domin a wurinta alheri ba abin shela ba ne. Da asuba na jera su a ɓuntu ɗaya bayan ɗaya. Na lura sun yi tsabta, na ce a raina lallai Mama Rifkatu mace ce mai kula.

Jirgi aka so in hau, na ƙi. Ban yarda in miƙa kwalin nan a jefa shi cikin kaya ba, saboda haka na zaɓi mota. Tun daga go-sulon Mararaba na ɗora shi a cinya, kuma bai sauka ba sai Legas. Kusa da ni wata Hajiya Talatu ce, 'yar kasuwa mai zuwa Kwatano sarin atamfa, mace mai jiki da son hira. Ta dubi yadda nake tallabe da kwalin ta ce, "Malam, gwal ne?" Na ce ƙwai ne. Ta ce, "Ƙwai? Na ci?" Na yi mata bayanin jijiyoyi da ƙwaƙwalwa tun daga Gwagwalada, ta saurara da ladabi har barci ya ɗauke ta.

Bayan Abaji hanya ta lalace, direba kuma yaro ne mai zafin ƙafa. Ramin da ya faɗa na farko na yi haƙuri. Na biyu na ɗaga murya na ce, "Direba, a hankali mana, akwai rai a nan!" Ya dube ni ta madubi ya ce, "Oga, all of us get life," wato ai dukanmu rai gare mu. Mota ta kwashe da dariya. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ɗaga kwalin sama da hannu biyu don kada girgiza ta kai gare shi, haka na riƙe har kafaɗuna suka sage.

A Lokoja aka tsaya cin abinci. Ban iya sauka ba, don ba zan bar kwalin ba, kuma ba zan fita da shi cikin rana ba. Yunwa kuwa ta ci ni. Sai na leƙa ta taga na kira mai talla, na sayi dafaffen ƙwai guda biyu da yaji a ƙulle a leda, na ci a kan kwalin ina lallaɓawa kada ɓawo ya zuba masa. Har na yi mitar cewa ƙwan kajin gona ba shi da ɗanɗano, ba kamar na zabi ba.

A Legas na kama ɗaki a wani ƙaramin masauki kusa da tasha. Fanka ɗaya ce, kuma gefe guda kawai take hurawa. Na ba kwalin wannan gefen, ni na kwanta a ɗayan ina gumi. Da safe na karkata shi kamar yadda ƙa'ida ta ce, na yi masa addu'a, muka kama hanyar boda.

Wanda bai taɓa bin wannan hanya ba, ga yadda take. Ka sauka, ka yi layi, a buga maka hatimi, ka hau, kafin ka gama gyara zama an ce ka sake sauka. A ƙasar Benin 'yan acaɓa duk riga iri ɗaya suke sawa, fetur kuma a manyan kwalabe ake sayar da shi a bakin titi, burodinsu dogo ne mai tauri kamar sanda, har na ga wani ya soke nasa a hammata yana tuƙi. A Kwatano Hajiya Talatu ta sauka, ta ce, "Malam, Allah ya raya," tana nuna kwalin. Togo kuwa ban san me zan ce muku a kanta ba, domin ina cikin neman inda na sa katin rigakafina ƙasar ta ƙare.

A bodar shiga Ghana ne aka yi abin da har yau idan na tuna nake cizon yatsa. Ina da takardar likitan dabbobi, komai daidai. Wani jami'i mai natsuwa ya karanta ta, ya buɗe kwalin, ya tona ɓuntu, ya ɗauko ƙwai ɗaya ya juya shi a hannu. Ya ce cikin Turanci mai taushi, don Allah zai fasa guda ɗaya kawai ya ga abin da ke ciki, sauran in wuce da su. Jama'a, na tashi kamar an ce za a yanka min ɗa. Na ce ba a fasa shi ba. Na ce abin da ke hannunsa rai ne da bai fara ba, na yi masa bayanin kwanci, na yi masa bayanin ƙwaƙwalwa, har na ari bironsa na zana masa ɗan tayi a bayan ambulan. Fasinjoji suka taru suna ba shi haƙuri, ba don sun gane ba, don suna so mota ta tashi. Bawan Allah ya gaji, ya mayar da ƙwan cikin ɓuntu da kansa a hankali, ya ce, "Je ka, Farfesa." Na koma mota ina jin kaina kamar wanda ya ci yaƙi. Da na bar shi ya fasa, da tun a ranar na sani, da sauran lokaci a hannuna.

Na isa Kumasi da la'asar. Abu na farko da na gani a bakin tasha shi ne mai gasa zabi. Na biyu, wani mai gasa zabi. A kasuwa kuwa ga su nan a kwanduna, masu rai, suna ta kuka irin na zabin Agwada sak, ga ƙwansu jibge a faranti. Na tsaya da kwalina na dube su, na lallashi kaina da cewa ai namu daban ne.

Ban sauka a ɗakunan jami'a ba. Wani abokin Ɗanjuma ya haɗa ni da Alhaji Musa a Zango, unguwar Hausawa, dattijo mai gidajen haya wanda kakansa ya zo fataucin goro bai koma ba. Ya ba ni ɗakin baƙinsa, ya ƙi ko a yi maganar haya. Alhaji Musa mutum ne mai gaisuwa. Mu a Keffi muna ganin mun iya, amma gaisuwarmu ta zama ta 'yan Abuja, ana yi ana duba waya. Shi kuwa da safe zai tsaya a ƙofar ɗakina ya yi sallama, ya tambayi kwana, ya tambayi gajiya, ya tambayi baƙunta, ya tambayi iyali ɗaya ɗaya, ya tambayi mutanen Keffi da bai taɓa gani ba, kuma kowace tambaya sai ya ji amsarta kafin ya wuce ta gaba. Hausarsu ta ɗan bambanta da tamu, amma ni mutumin garin da kowa ke da tasa Hausar ne, ban sha wahala ba. Na so mutumin nan ƙwarai.

Abinci kuwa, kokonsu namu ne, sai dai ya fi yaji. Shinkafa da wakensu ja ce, a ganye ake zuba ta, a ɗora taliya, a barbaɗa garin rogo, a zuba wani baƙin yaji mai kifi, sannan a ɗora dafaffen ƙwai a sama. Mutanen nan ba abin da ba sa ɗora wa dafaffen ƙwai. Akwai wani tuwon masara mai tsami da ake naɗewa a ɓawon masara, ranar farko na zaci ya lalace ne, na ture shi a ɓoye, kafin mako ya ƙare ni ke aika a sayo min. Abin da ban saba da shi ba har na taho shi ne jana'izarsu ta cikin gari. Ran Asabar na ga rumfuna da kujeru da kiɗa, jama'a sun sha baƙaƙe da jajayen kaya suna rawa, na tambaya wa ke aure, aka ce ai wani tsoho ne ya rasu tun watannin baya. Mu da muke binne mutum kafin rana ta juya, abin ya ba ni mamaki. Sannan komai za su faɗa sai sun fara da neman alfarma. Ko mutum zai ce maka ba ka da hankali, sai ya ce don Allah tukuna.

Shugabar horon wata farfesa ce 'yar ƙasar, ƙaramar mace mai furfura, ba ta da yawan magana. Ranar farko ta karɓi kwalina da hannu biyu, ta gaya wa jama'a cewa ga wanda ya yi tafiyar mota daga Najeriya don kada ƙwansa ya wahala, aka tafa min. Aka jera ƙwan a injin ƙyanƙyasa. Ɓawon ƙwan zabi kauri gare shi, ga ɗigo-ɗigo, haske ba ya ratsa shi sosai, saboda haka ba wanda ya damu da haska su.

Tsarin shi ne, na'urar ɗaya ce, tana wani ɗan ɗaki mai duhu bayan baƙin labule, a kan teburin da ba a so ko numfashi ya girgiza shi. Mutum biyu ke shiga tare da Farfesa, kuma kowane biyu sau ɗaya za su shiga. Da yake zabo ya fi kaza jinkirin girma, sai aka sa ranata can wajen ƙarshe. Wani matashin malami mai suna Kofi ya bar layin masu ƙwan kaji da kansa ya dawo wurina, ya ce kaza kowa ya gani, shi zabo yake so. Kullum da safe mu biyu za mu je mu leƙa injin ta gilashi. Kofi har suna ya raɗa wa ɗaya.

Kwanakin jira mun yi su muna koyon yanka taga a ɓawon ƙwai da wani ɗan zarto, da yadda ake ɗiga rinin ba tare da hannu ya yi rawa ba. Waɗanda ranarsu ta zo sukan fito daga bayan labule da wata irin fuska, kamar waɗanda suka dawo daga ganin jariri. Da yamma a nuna mana abin da na'ura ta ɗauka. Ni nakan kawar da kai. Bidiyo na gani tun a Keffi, ba shi ya kawo ni ba.

Ranar tamu na sa farar shaddata. Kofi ya ɗauko ƙwan da ya raɗa wa suna, ya ɗora a mazauni, ya ce ni babba ne, ni zan buɗe. Duk 'yan horon suna tsaye, don kowa na son ganin cikin ƙwan zabi kafin mu shige da shi. Na sa zarto, na yanka, na ɗaga ɓawon da hantsaki. Maimakon ruwa da jan zaren jini, sai na ga abu fari, daskararre, ya ɗan yi kore a gefe. Kafin hankalina ya fassara abin da idona ya gani, hancina ya riga shi. Ku ƙiyasta dafaffen ƙwai da ya bi hanyar Lokoja, ya kwana Legas, ya ratsa ƙasa uku, sannan ya yi kwanaki a cikin ɗumin inji. Wata 'yar Kamaru ta toshe hanci ta yi waje. Na ce wataƙila baragurbi ne guda ɗaya. Na buɗe na biyu, na buɗe na uku. A na huɗu Farfesa ta dafa hannuna.

Ba wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi min ciwo. Kofi ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya ce, "Don Allah, Malam, dafa su ka yi?"

Na fita bayan ginin na kira Hadiza. Ta rantse ba ta taɓa su ba. Can sai ta ce, "Tsaya. Gawayin da na bari ranar sunan nan, na dawo na tarar ya ragu." Na ji takunta, na ji tana magana a tsakar gida, sai ga muryar Gwaggo a kunnena, tana ɗaga ta kamar yadda take yi a waya, don a ganinta nisa sai da ƙarfi.

"Babana! Ka sauka lafiya? Ƙwan nan dai sun dahu ko? Na zabi taurin kai gare su, sai da na ƙara musu wuta."

Na zo da maganganu cike da bakina. Na haɗiye su. Na ce, "Sun dahu, Gwaggo. Sun dahu sosai."

Ta ce, "To madalla. Ka ba abokan tafiya su ma."

Na zauna a kan dakali ina dariya ina kuka. Abin da ke gabana a fili yake. Ƙwan kajin da aka tanada an raba su duka. Ko na ruga kasuwa na sayo na zabi, kafin ɗan tayi ya kai a gani an kwance na'ura an mayar wa masu ita. Damata ta wuce, kuma na ja wa Kofi ya rasa tasa. Na je na ba shi haƙuri. Ya ce don Allah ba komai, da irin muryar da ke nuna akwai komai. Kwana biyun da suka rage ban ci abincin kirki ba, kuma duk abin da aka kawo min da ƙwai a sama.

Ranar ƙarshe na haɗa jakata, Alhaji Musa ya ce zai zo jami'ar da motarsa ya kai ni tasha. Na je yin sallama da mutane, sai Farfesa ta yafito mu ni da Kofi. Ta ce akwai ƙwan kaza guda da ta ajiye ko wani zai lalata nasa, ta buɗe shi tun da safe ta sa rini. Ɗan tayin ya fara rauni, ba ta yi alkawarin komai ba. Masu kwance na'ura kuma suna hanya, idan sun iso an gama.

Muka shige bayan labule. Duhu, sanyi, sai fuskar kwamfuta. A kanta ga wani abu toka-toka, lanƙwashe, wanda na gane nan take domin shi nake zanawa: ga kai, ga inda ƙwaƙwalwa ta kumbura, ga igiyar baya. Farfesa ta raɗa mana cewa motsin ba ya sanarwa, yakan zo ya wuce cikin ƙiftawar ido, sannan a daɗe kafin wani. Na ce a raina ai mu mutanen Gangaren Tudu mun saba, haka wutar lantarkinmu take. Na kafa ido. Na ƙi ƙiftawa har hawaye suka taru.

Sai daga bayan labule na ji, "Salamu alaikum."

Alhaji Musa ne, an nuna masa inda nake. Ban yi tunani ba. Wuyana ne ya juya da kansa, bakina ya ce, "Wa alaikumus salamu wa rahmatullah, Alhaji, barka da zuwa." Ina cikin faɗin haka na ji Kofi ya ja numfashi ya damƙe min hannu. Na waiwayo. Toka-toka, shiru, kamar ba abin da ya faru.

"Ka gani? Don Allah ka gani?" in ji Kofi.

Ni ban gani ba. Farfesa ta dube ni, ta gane. A waje na ji ƙarar akwatunan katako ana jan su a baranda, da muryoyin maza. Ta leƙa ta ce musu su ɗan jira. Ta dawo ta ce ba ta san ko zai sake yi ba.

Alhaji kuwa ya ji an amsa masa, saboda haka ya ci gaba. "Malam Isiyaku, ina kwana?"

Na dafe gwiwoyina, na kafa ido a kan allon.

"Malam, an tashi lafiya?"

Tun da uwata ta haife ni ban taɓa jin dattijo na gaishe ni na yi masa banza ba. Gumi ya keto min a cikin sanyin nan. Amsar tana bakina, tana tura haƙorana. Mutumin da ya ba ni ɗaki, ya ciyar da ni, yana tsaye taku biyu daga inda nake.

"Malam? Ina gajiya?"

Na ciji leɓe. Ya sake kira sau ɗaya, a hankali. Na ji takalminsa ya ja baya. Muka zauna. Wani daga cikin masu akwatuna ya yi tari. Farfesa ta duba agogo, ta ɗora hannu a kan makunnin fitila.

Sai ya zo. Daga ƙasan kai, wajen ƙeya, wani ɗan haske ya kama, ya bazu sama cikin ƙwaƙwalwa, ya gangara igiyar baya har ƙarshenta, gefe biyu a tare, ya dushe. Bai kai tsawon numfashi ɗaya ba. Abu ne da bai san akwai duniya ba, bai san an buɗe masa ɗaki ba, ba zai taɓa zama tsako ba, amma ga shi yana shirin rayuwa da iyakar ƙarfinsa. Na yi kuka, ba na ɓoye muku. Kofi ya ga nasa sau biyu, bai ce min don Allah ba, rungume ni kawai ya yi.

Farfesa ta kunna fitila, masu akwatuna suka shigo. Na tarar da Alhaji Musa a cikin mota, ya kama sitiyari yana kallon gaba. Na durƙusa a bakin taga na gaishe shi tun daga kwana har mutanen gida, ya amsa a gajarce. Sai da muka yi nisa ya ce, "Na ɗauka wani laifi na yi maka."

Na rantse masa ba haka ba ne.

Ya ce, "To me ka gani a ciki da ya hana ka amsa gaisuwa?"

Na buɗe baki. Ni da na ƙare ƙuruciyata ina bayanin abin nan ga yaran mutane, na nemi kalma ɗaya ta allo na rasa. Na ce, "Alhaji, yana da rai."

Ya ɗan dube ni. "Da can ba ka sani ba?"

Na ce, "Na sani. Gani ne ban yi ba."

Muka wuce shataletale. Sannan ya rage gudu, ya gyara zama, ya ce, "To, Malam. Ina kwana?"